Darasi na Tara: Rage Bashin Gida da Wuri, da Kiwon Kaji a Tsakar Gida

Ma'aikaci ya karɓi lamunin gida, ana yankar masa kuɗi daga albashi duk wata ba fashi. Bayan shekara biyu ya je banki ya tambayi abin da ya saura a kansa, sai a nuna masa adadin da bai yi nisa da abin da ya karɓa tun farko ba. Da yawa sukan koma gida da zargin an cuce su. Galibi ba cuta aka yi ba, tsarin bashin ne haka, kuma wanda ya gane tsarin zai iya juya shi ya amfane shi. A wannan darasi za mu yi lissafin da hannunmu, mu ga abin da ƙarin naira dubu biyar a wata yake yi wa bashin miliyoyi, sannan mu nemo inda dubu biyar ɗin za ta fito a gidan da albashi ba ya kai ƙarshen wata.

Yadda bashin yake aiki

A Najeriya, lamunin gida mafi sauƙi ga ma'aikaci shi ne na Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, wanda aka kafa da doka a 1992, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci a zuba a asusun. Wanda ya yi aƙalla wata shida yana zubawa zai iya neman lamuni a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, ya biya cikin lokacin da zai iya kaiwa shekara 30, gwargwadon shekarunsa da sauran lokacin aikinsa. Gidan da kansa shi ne jingina, takardunsa na hannun masu ba da bashi sai ranar da aka gama biya.

A ce wani malamin makaranta ya karɓi naira 5,000,000 a kan kashi 6, zai biya cikin shekara 20, wato wata 240. Biyansa na wata zai kama naira 35,822. Ku ɗauko alƙalami. Kashi 6 a shekara, in an raba gida 12, rabin kashi ɗaya ke nan a wata. Rabin kashi ɗaya na 5,000,000 shi ne 25,000. To, a watan farko, cikin 35,822 da aka yanke masa, 25,000 kuɗin ruwa ne, 10,822 kaɗai ta taɓa uwar kuɗi. Bashin ya koma 4,989,178. A wata na biyu za a lissafa ruwan a kan wannan sabon adadi, ya zama 24,946, uwar kuɗi ta samu 10,876. Haka abin zai yi ta tafiya a hankali. Bayan wata 24 malamin ya biya kusan 860,000, amma bashin ya ragu da kimanin 275,000 ne kawai. In ya bi jadawalin har ƙarshe, zai biya jimillar kusan 8,597,000, wato ruwan kaɗai ya kusa 3,597,000.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, ana lissafa ruwa a kan abin da ya saura. Duk nairar da ta fita daga uwar kuɗi yau, ta daina jawo ruwa daga yau har ƙarshen bashin. Kuɗin da mutum ya ƙara a kan biyansa na wata kuwa, tunda an riga an cire ruwan watan daga biyan ƙa'ida, gaba ɗayansa uwar kuɗi yake ci. Ga yadda lissafin malamin zai canza:

| Ƙari a wata | Tsawon biya | Jimillar ruwa | Abin da ya tsira |
|---|---|---|---|
| babu | shekara 20 | 3,597,000 | babu |
| 5,000 | shekara 15 da wata 10 | 2,758,000 | kusan 840,000 |
| 10,000 | shekara 13 da wata 2 | 2,247,000 | kusan 1,350,000 |

Ku sake duba layi na biyu. Dubu biyar a wata ta yanke shekara huɗu da wata biyu. Ga wanda ya karɓi lamuni yana da shekara 40, bambancin ke nan tsakanin ya yi ritaya da takardar gidansa a akwati, ko ya yi ritaya ana jiran giratutinsa.

Lokaci ma yana da nasa tasiri, kuma babba ne. In malamin ya samu 100,000 a dunƙule, ko ta adashe ko ta bashin albashi da aka biya shi, ya zuba a ƙarshen shekarar farko, za ta hana shi biyan ruwa na fiye da 200,000. In ya jira sai ƙarshen shekara ta 15, wannan 100,000 ɗin ruwan kusan 34,000 kawai za ta kashe. Kamar noman farko ne: ciyawar da aka tuge tana ƙarama ba ta samun damar zubar da iri.

Kafin ka ƙara ko kobo

Kada ka tura ƙarin kuɗi cikin asusun bashi haka kawai ka koma gida. Wani bankin zai ajiye shi a matsayin biyan wata mai zuwa, uwar kuɗi ba ta motsa ba, kai kuma kana ganin ka yi ƙoƙari. Wata yarjejeniyar kuma akwai tara a kan biya kafin lokaci. A Ingila, bankuna da yawa suna barin mutum ya ƙara har kashi 10 cikin 100 na bashin a shekara ba tara, in ya wuce haka a caje shi. Kowace yarjejeniya da nata sharaɗi, don haka ka je da ƙafarka ka tambaya. Ga yadda maganar za ta iya kasancewa:

"Ranka ya daɗe, ina so in riƙa ƙara wani abu a kan biyana na wata. Akwai tara a yarjejeniyata?"

"Sai mun buɗe fayil ɗinka mun duba, Malam."

"To, a duba mini. In babu, ina so a riƙa cire ƙarin daga uwar kuɗi kai tsaye. Kuma a bar biyan wata yadda yake, shekarun nake so a rage."

"Ka rubuto mana takarda a kan haka."

"Zan rubuto, ranka ya daɗe. A buga mini hatimi a kan kwafina."

Maganar barin biyan wata yadda yake tana da dalili. In uwar kuɗi ta ragu, ana iya rage maka abin da kake biya a wata shekaru su tsaya yadda suke, ko a bar biyan a rage shekaru. Na biyun ne ya fi kashe ruwa. Sannan duk wata shida ka karɓi takardar bayanin bashinka, ka gwada da rasitanka. Mai ajiye takarda ba ya shan wahalar gardama.

Akwai kuma abubuwa biyu da suke gaban bashin gida, kuma ba na so kowa a ajin nan ya tsallake su saboda ɗoki. Na farko, kuɗin ko-ta-kwana. Gida ba ya rasa rashin lafiya, haihuwa, ko rufin da iska ta yaye, kuma abin da ka zuba a bashin gida ba ya dawowa aljihunka ranar da ka matsu. Ka fara tara abin da zai riƙe gida wata biyu ko uku. Na biyu, bashi mai tsada. Wanda ake bi bashin manhajar waya ko bashin albashi na bankin kasuwanci, ya fara kashe wannan. Lissafi ɗaya ya isa: 5,000,000 a kan kashi 20 cikin 100 ruwanta na wata ɗaya 83,333 ne, a kan kashi 6 kuwa 25,000. Babu hikima mutum ya yi gaggawar biyan mai araha yana goye da mai tsada.

Masu ilimin kuɗi za su ƙara da cewa, a ƙasar da farashi ke tashi kamar tamu, bashin kashi 6 yana yin sauƙi da kansa. Gaskiya ne. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, don haka 35,822 da malamin zai biya nan da shekara goma ba za ta yi nauyin ta yau ba. Wanda yake da sana'ar da ya ƙware a kai, wadda ke kawo riba tabbatacciya, jarinsa ya fi amfani a can. Amma na lura yawancin kuɗin da ake cewa za a juya, ba a juya su, cinye su ake yi. Ga mai albashi da ba shi da irin wannan sana'a, rage bashi riba ce da ba ta da asara. Ga kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, wanda larura ta sa ya shiga, kowane wata da ya yanke sauƙi ne da ba a auna shi da naira.

Wanda bai riga ya shiga ba, ya san akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Sai dai lissafinmu na sama ba ya hawa kowane tsari nasu. A murabaha, banki ya saya ya sayar maka a kan farashin da aka yanke tun farko, biya da wuri ba ya rage farashin sai in bankin ya ga dama ya yi rangwame. A tsarin da kuke tarayya da banki a gidan kana biyan haya a kan kasonsa, sayen kason da wuri yana rage hayar. Ka tambayi wanne aka ɗora ka a kai kafin ka sa hannu.

Ina dubu biyar ɗin za ta fito?

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, mai albashi ya san abin da ake ciki, kuma ba zan ce muku akwai kuɗi a ɓoye a gidajenku ba. Abin da zan ce shi ne ku rubuta duk abin da ya fita daga hannunku wata guda cur, har da ruwan leda da cajin waya. Yawanci a wurare uku ake samun ɓaraka: katin waya da data, ankon biki, da sayen abinci kaɗan-kaɗan a kanti bashi. Mai iya sayen masara, gero ko wake da kaka, ya adana a buhu mai leda biyu a ciki wanda ƙwari ba sa rayuwa a cikinsa, ya tsere wa farashin damina. Anko kuwa, a zauna da uwargida a yanke guda nawa za a yi a shekara, tun kafin katin gayyata ya iso.

Tsimi yana da iyaka. Ba a taɓa abincin yara, kuɗin makaranta, magani, ko haƙƙin iyaye don a burge banki. Gidan da aka gama biya da wuri amma aka bar yara da yunwa a cikinsa, an yi asara.

Kaji

Kaji ba za su biya maka gida ba, kada wani ya ruɗe ka. Abin da suke yi shi ne su cire ƙwai da wani ɓangare na nama daga cefane, su kawo ɗan kuɗi a kai a kai. Daidai irin kuɗin da jadawalinmu yake nema ke nan.

Hanya biyu ce, kuma yanayin gidanka ne zai zaɓa maka. Kazar gida tana yin ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, galibi a zubi uku, ta yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Ribarta a 'yan tsaki take, da zakarun da za a sayar da salla ko lokacin bukukuwa. Tana kiwon kanta in akwai fili, a ƙara mata dusa, tsaki da ragowar tuwo. A gidan bayan gari mai ƙasa da bishiya, ita ce zaɓi. A gidan da aka malale tsakarsa da siminti kuwa babu abin da za ta tona, duk abin da za ta ci sai ka saya, kuma ƙwanta ba zai biya abincinta ba.

Nan ne kajin ƙwai suke shigowa, irin su Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta samar. Suna fara ƙwai a mako 18 zuwa 20, kuma ba sa buƙatar zakara kafin su yi, abin da zai raba ka da ƙorafin maƙwabta a rukunin gidaje. Kowace tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji goma ke nan za su cinye buhu mai kilo 25 cikin kusan mako uku, kuma a lokacin da suke kan ganiyarsu za su ba da ƙwai bakwai ko takwas a rana, wato kimanin kiret biyar a mako ukun. Ku riƙe wannan ma'auni, domin farashi na canzawa amma shi ba ya canzawa: buhu ɗaya, kiret biyar. Ka je kasuwa ka tambayi kuɗin buhu da kuɗin kiret. In kiret biyar ba su zarce buhu da tazara mai kyau ba, ka dakata, domin daga tazarar nan za a cire kuɗin kajin kansu, rigakafi, da abincin watannin da suka ci ba su yi ƙwai ba. Akwai kuma irin Noiler, masu jure kiwon gida, da ake ajiyewa don nama da ƙwai duka.

Wurin kwanansu ba sai ya ci kuɗi ba. Mita biyu a kan mita biyu ya ishi kaji goma, a sa waya iska ta riƙa shiga, a shimfiɗa dusar katako ko ɓuntun shinkafa, a toshe duk ramin da ɓera ko gafiya za su bi. Da bazara a kula da inuwa da ruwa mai sanyi, zafi yana rage ƙwai sosai. Shimfiɗar da aka kwashe taki ce, masu lambu suna saye, ko ka zuba wa alayyafo da zogale a gefen katanga.

Abin da ya fi karya masu kiwon gida shi ne cutar Newcastle, wadda ta fi ɓarna da hunturu. Za ka ga kaza ta takure, fukafukai a sake, tana koren zawo, tana numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama wayam. Ba ta da magani. Kafson da ake fasawa a ruwa ba ya kashe ta, asarar kuɗi ce kawai. Rigakafi ne mafita, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin wanda ake kira I-2, mai jure zafi, ana ɗiga shi a ido duk wata uku zuwa huɗu. Ka nemi malamin dabbobi na yankinku, ku haɗu da maƙwabta ku yi rana ɗaya, tunda kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya. Kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta, a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. In kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, a sanar da jami'an dabbobi, kada a yanka a ci ko a kai kasuwa, domin murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 a Jihar Kaduna, tana iya kama mutum.

'Yan tsaki kuma shirwa, shaho da muzuru ne ke kwashe su. A kife su da uwarsu a babban kwando ko a tsare su a akurki makonni huɗu zuwa shida na farko. Masu kiwo a karkara suna da dabarar ciyar da su da ba ta cin ko kobo: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta da yamma a kan hanyar gara. Da sassafe a ɗaga, a zazzage wa 'yan tsaki, ka ga yadda suke wawa. Amma a yi wannan can nesa da gini, kada garin neman abincin kaji a nuna wa gara hanyar azarar gidan da ake biya.

Kuɗin wane ne?

A yawancin gidajenmu kaji na mata ne. Ita ta saya, ita ke ba su ruwa, ita ke share akurki. Dukiyar mace tata ce, a shari'a da a al'ada, kuma samar da muhalli nauyin maigida ne. Saboda haka maigida ba shi da ikon ɗaukar kuɗin ƙwai ya kai banki don kawai gidan na kowa ne. Ya nemi yardarta. In ta ce gudummawa ce, Allah ya saka. In ta ce rance ne, ko tana son kaso a gidan, a rubuta da shaidu, a ajiye tare da takardun banki. An sha ganin matar da ta zuba guminta a gini, ranar rabon gado aka ce ba a san zancen ba. Rubutu na layi biyar yana hana wannan.

A ware wa kaji littafinsu da asusunsu. Shafin hagu abin da aka kashe, shafin dama abin da ya shigo, har ƙwan da aka ci a gida a rubuta kuɗinsa. Ƙarshen wata a fara cire kuɗin buhu na gaba da na rigakafi, abin da ya saura shi ne riba. Duk wata uku a haɗa shi da abin da tsimi ya samar a kai banki, a karɓo rasit.

Aiki

1. Ana bin wata ma'aikaciyar jinya naira 3,000,000 a kan kashi 6 cikin 100 a shekara. Nawa ne kuɗin ruwanta na wannan wata? In ta biya 25,000, nawa ya shiga uwar kuɗi?
2. Ka tambayo kuɗin buhun abincin kajin ƙwai mai kilo 25 da kuɗin kiret ɗaya a kasuwarku. Ka yi lissafin buhu ɗaya, kiret biyar. Nawa ya saura?
3. Mutum yana da bashin gida mai kashi 6 da bashin albashi mai kashi 25, sai ya ɗauki adashen 80,000. Wanne ya kamata ya fara ragewa, kuma me ya sa?

Duk wanda ake bi bashin gida a ajin nan, ya je banki cikin makon nan ya karɓo takardar bayanin bashinsa, ya zo da ita darasi na gaba tare da littafin kashe kuɗinsa na gida. Za mu yi wa kowa nasa lissafin a kan allo, ba tare da an ambaci suna ba.